Littattafan da suka raini 'ya'yan masaƙa a Kakuri

Ni 'yar Kakuri ce, mahaifina ma'aikacin masaƙa. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, unguwarmu ta cika da ma'aikata, albashinsu ne kuma ya sa littafi a hannun 'ya'yansu.

Yayyenmu sun tashi da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 ta haifar. Malamai ke zaɓar musu. Mu kuwa mun balaga a zamanin littattafan soyayya na Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, muna karɓar haya, iyaye na faɗa.

Mahaifina bai hana ni ba. Sharaɗinsa ɗaya: in gama, in ba shi labari, in faɗi abin da ya sami mai laifi. Shi ya miƙo mini Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, labarin 'yan fasa-ƙwauri, sana'ar da ta taimaka wajen durƙusar da masaƙunmu.

Iyaye, ku karanta abin da matasanku ke karantawa, ku tattauna da su. Hani kaɗai ba ya koya wa yaro zaɓe.