Idanu Ashirin da Huɗu: Abin da Yaƙi Ya Bar wa Malama Oishi

A 1954 Keisuke Kinoshita ya fitar da fim ɗin Twenty-Four Eyes, wanda masu sharhi na mujallar Kinema Junpo suka fifita a kan Seven Samurai na Kurosawa. Labarin ya soma a 1928, sa'ad da Malama Oishi ta iso wani ƙauye a tsibirin Shodoshima bisa keke, sanye da kayan Turawa, mutanen gari na ta tsegumi. Ɗalibanta goma sha biyu ne, idanunsu ashirin da huɗu.

Da Japan ta karkata ga yaƙi, makaranta ta koma wurin renon sojoji, ita kuwa ta ajiye alli, don ba za ta iya koya wa yara ɗokin mutuwa ba. Ajiyewar ba ta ceci kowa ba. Cikin yaranta maza biyar, uku suka mutu a fagen daga, ɗaya ya dawo makaho.

Ladan da fim ɗin ya ba ta kaɗan ne, shi ya sa mai kallo ke gaskata shi. Bayan yaƙi ta koma aji, waɗanda suka rage suka haɗu suka saya mata sabon keke. Makahon ya ɗauki tsohon hoton ajinsu, yana bin fuskokin da yatsa, yana kiran sunan kowa.