Yadda Gaɓar Bahar Rum Ta Zama Zangon Jiragen Yawon Buɗe Ido

Bahar Rum teku ne da ƙasa ta kusan kewaye shi. Girmansa ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 2.5, kuma ƙofarsa ɗaya ta asali zuwa tekun Atlantika ita ce mashigin Jibraltar, wanda faɗinsa bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi matsewa. Turai na arewa da shi, Afirka na kudu, Asiya na gabas. Abin da ya sa ya dace da jiragen shaƙatawa shi ne kusancin tashoshinsa. Jirgi zai bar Basalona da magariba, fasinjoji su ci tuwon dare su kwanta, gari na wayewa su tsinci kansu a Marseille ta Faransa, washegari kuma a Genoa ta Italiya. Kwana bakwai sun isa a taka ƙasa uku ko huɗu ba tare da an sake ɗaure kaya ba. In ban da yankin Karebiyan, babu inda waɗannan jirage suka fi yin zirga-zirga kamar nan.

Sai dai wuraren da jiragen ke kai mutane ba kamfanonin jiragen ne suka zaɓe su ba. An riga an zaɓe su tun kafin a ƙera jirgi mai tururi. A ƙarni na 17 da na 18 al'adar masu sarauta da attajiran Ingila ce su tura 'ya'yansu maza doguwar tafiya zuwa Italiya bayan sun gama karatu, su ga Rum da Florence da Venis da Napoli, su koyi harshe da ladabin zaman fada, su dawo da zane-zane da mutum-mutumi. Tafiyar kan ci watanni, wani lokacin shekaru, galibi a keken doki. A daidai wannan zamani aka fara tonon garuruwan da dutsen Vesuvius mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 Miladiyya: Herculaneum a 1738, Pompeii a 1748. Daga nan Napoli ta zama wurin da ba a tsallakewa. Jerin da waɗancan samari suka bari, shi ne kusan jerin da ake bugawa a takardun tallan jirage har yau.

Zuwan jirgi mai tururi ne ya sauya lissafi, domin shi ba ya jiran iska, ana iya faɗin ranar tashinsa da ranar isarsa. A 1833 wani jirgi mai suna Francesco I ya tashi daga Napoli ɗauke da manyan Turai, ya yi kusan wata uku yana yada zango a Sisili da Malta da Korfu da Atens da Izmir har Santambul. Masu tarihi da dama na ɗaukar wannan a matsayin tafiyar shaƙatawa ta farko a teku. Amma wanda ya mayar da abin sana'a kamfanin Ingila ne, P&O. Asalinsa kamfanin dakon wasiƙu ne: a 1837 ya sami kwangilar gwamnati ta kai wasiƙu Fotugal da Sifen da Jibraltar, a 1840 aka tsawaita masa har Iskandariyya. Tun da jiragen za su tafi ko da fasinja ko babu, sai kamfanin ya ga babu dalilin barin ɗakuna a wofi. A 1844 ya fara sayar da tikitin zagaye, ya kuma bai wa marubuci William Thackeray tafiya kyauta. Thackeray ya ga Malta da Atens da Santambul da Rodes da Ƙudus da Alƙahira, yana sauka daga wannan jirgin wasiƙa yana hawa wancan, ya dawo ya rubuta littafi a kan tafiyar wanda ya fito a 1846. Kamfanin ya fanshe kuɗin tikitinsa da talla.

Amurkawa sun bi sahu a 1867, lokacin da jirgin Quaker City ya bar New York zuwa tafiyar wata biyar. Cikin fasinjojin akwai Mark Twain, wanda littafinsa na wannan tafiya ya fito a 1869 ya kuma yi kasuwa ƙwarai. A tashar Piraeus hukuma ta hana su sauka saboda dokar killace baƙi don gudun annoba, sai shi da wasu abokan tafiya suka sulale cikin dare, suka taka da ƙafa har tsaunin Akropolis, suka komo jirgi kafin asuba. A shekarar da littafin ya fito aka buɗe mashigin Suez, kuma Thomas Cook ya fara kai ayarin masu yawon buɗe ido Masar.

Siffar da aka sani a yau Bajamushe ne ya fitar da ita, Albert Ballin na kamfanin HAPAG da ke Hamburg. Matsalarsa ta kasuwa ce zalla. Manyan jiragensa na jigilar mutane zuwa Amurka ne, amma da hunturu tekun Atlantika na arewa kan yi hauka, fasinja su yi ƙaranci, jirage su zauna a tasha suna cin kuɗi. A ranar 22 ga Janairu 1891 ya tura jirgin Augusta Victoria daga Cuxhaven da fasinja 241, shi ma yana ciki, suka yi kwana 57 suna zagaya Bahar Rum: Jibraltar, Genoa, Iskandariyya, Yafa, Beirut, Santambul, Atens, Malta, Napoli. Jirgi ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuɗi ɗaya aka biya, kuma a tashoshin an tanadi fita cikin gari. Cinikin ya yi kyau har kamfanin ya sa aka ƙera Prinzessin Victoria Luise a 1900, jirgi na farko da aka yi musamman don yawon shaƙatawa. Bai yi tsawon rai ba, ya daki duwatsu a gaɓar Jamaika a 1906.

A lura cewa a wancan lokaci da sanyi ake zuwa Bahar Rum, ba da zafi ba. Gaɓar kudancin Faransa ta samu suna ne a matsayin mafakar masu gudun sanyin Ingila da masu ciwon huhu. Turawan Ingila da ke cin hunturu a Nice ne suka tara kuɗin shimfiɗa titin bakin teku a farkon shekarun 1820, shi ya sa har yau titin ke ɗauke da sunansu. Cannes ƙauyen masunta ne a 1834 sa'ad da Lord Brougham, yana kan hanyar Italiya, aka tare shi a iyaka saboda annobar kwalara. Ya kwana a ƙauyen, wurin ya kwanta masa, ya gina gida, abokansa suka biyo shi. Jirgin ƙasa ya iso Nice a 1864, gidan cacar Monte Carlo kuma ya jawo masu kuɗin Turai zuwa Monako. Sai a shekarun 1920 wanka a teku da shan hantsi suka zama yayi, lokacin ziyara ya koma watannin zafi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa biyu suka faɗaɗa kasuwar. Na farko tsibiran Girka. A 1954 Sarauniya Frederika ta Girka ta gayyaci 'ya'yan gidajen sarautar Turai zuwa zagayen tsibirai a jirgin Agamemnon, da niyyar tallata ƙasar. A nan ne Juan Carlos da Sofiya, waɗanda daga baya suka zama sarki da sarauniyar Sifen, suka fara haɗuwa. Kamfanonin Girka irin su Epirotiki da Chandris suka riƙa sayen tsofaffin jirage suna gyarawa, suna tashi daga Piraeus zuwa Mikonos da Santorini da Rodes da Patmos, su leƙa Kushadasi ta Turkiyya don ganin kufan Afisa. Na biyu jirgin sama. Daga 1958, da jirage masu injin jet suka fara ƙetare Atlantika cikin sa'o'i, jiragen ruwa na fasinja suka rasa abin yi. Wasu aka farfasa su aka sayar da ƙarfen, wasu aka yi musu farin fenti aka mayar da su na shaƙatawa. Kamfanin Costa na Genoa, wanda ya fara kai 'yan ci-rani Kudancin Amurka a 1948, ya keɓe jirginsa Franca C ga yawon buɗe ido kaɗai a 1959. Jirgin saman da ya kashe tsohuwar sana'a shi ya raya sabuwar, domin yanzu Ba'amurke na iya sauka a Rum da safe ya hau jirgin ruwa da yamma.

Daga nan tashoshi suka rabu gida biyu. Akwai inda ake fara tafiya a kuma ƙare ta, kamar Basalona da Civitavecchia da Genoa da Piraeus, akwai kuma inda jirgi ke yada zango na sa'a takwas ko goma kawai. Da yawa daga cikin tashoshin ƙofa ce zuwa wani wuri. Civitavecchia, wadda Sarki Trajan ya gina tasharta a farkon ƙarni na 2, ba don kanta ake sauka ba, sai don Rum da fadar Fafaroma da ke tazarar kimanin kilomita 70. Livorno ƙofar Florence ce da hasumiyar Pisa mai karkata, Napoli ta Pompeii da tsibirin Capri. Wasu kuwa su kansu ne abin kallo: Valletta ta Malta da aka kafa a 1566, mai ganuwa a kan ruwa, da Dubrovnik da Kotor a tekun Adriyatik, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Basalona ta makara wajen shiga sahu. Tasharta ta kayan masana'antu ce da ta raba gari da teku, sai da gasar Olamfik ta 1992 ta sa aka share gaɓar aka sake gina ta. A 2019 fasinja sama da miliyan 3 suka ratsa ta, ta zama ta ɗaya a duk Bahar Rum.

Gaɓar kudu ba ta samu rabo daidai da tarihinta ba, kuma dalilin tsaro ne. A Oktoba 1985 'yan bindiga suka ƙwace jirgin Achille Lauro a gaɓar Masar, suka kashe fasinja ɗaya Ba'amurke. Libiya na da kufan Leptis Magna, ɗaya daga biranen Rumawa da suka fi tsira daga rushewa, tana kuma da Tarabulus, inda ayarin Kano ke sauke fatu da tufafi bayan sun ratsa Agadas da Gat. Jirage sun ɗan fara zuwa can bayan an janye wa ƙasar takunkumi a farkon shekarun 2000, yaƙin 2011 ya rufe ƙofar. Tunisiya ta fi cin moriya, domin daga tashar La Goulette ana zuwa Kartaj da tsohon birnin Tunis, har zuwa ranar 18 ga Maris 2015 da aka kai hari gidan tarihi na Bardo aka kashe mutum sama da 20, akasarinsu fasinjojin jirage biyu da ke tasha a ranar. Manyan kamfanoni suka cire Tunis daga jadawalinsu na tsawon shekaru.

A arewa kuma damuwar ta yawa ce. Augusta Victoria bai kai tan 8,000 ba. Oasis of the Seas da aka ƙaddamar a 2009 ya haura tan 220,000, yana ɗaukar fasinja fiye da 5,000. Titunan Dubrovnik da Venis kuwa suna nan yadda aka gina su shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Santorini mazaunanta kimanin 15,000 ne, jirage ba sa iya matsowa bakin gaɓa, sai a kwaso mutane a ƙananan jirage, sannan su hau tudun Fira ta keken igiya, ko a bayan jaki da alfadari, ko su taka matakala kusan 600. Ƙorafin mazauna irin waɗannan garuruwa ɗaya ne: baƙon da ya karya kumallo a jirgi, zai kuma koma jirgi cin abincin dare, cika hanya yake yi fiye da yadda yake cika aljihun ɗan kasuwa. Garin da ake fara tafiya a cikinsa ne ke samun kuɗin otal da tasi da gidan abinci.

Hatsari ma ya ƙara wa ƙorafin ƙarfi. A daren 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia, sa'o'i kaɗan da barin Civitavecchia, ya matsa kusa da tsibirin Giglio fiye da kima, ya daki dutse ya kife a gefe, mutum 32 suka mutu. A Yuni 2019 jirgin MSC Opera ya ƙwace a mashigin Giudecca da ke tsakiyar Venis, ya afka wa bakin tasha da wani ƙaramin jirgi. Annobar korona ta tsayar da komai cak a Maris 2020, kuma watannin da mutanen Venis suka yi ba tare da manyan jirage ba sun sa komawa gidan jiya ya yi wuya. Daga 1 ga Agusta 2021 gwamnatin Italiya ta haramta wa jirgin da ya wuce tan 25,000 bi ta Giudecca da gaban dandalin San Marco, aka karkatar da manyan zuwa tashar masana'antu ta Marghera da wasu tashoshin maƙwabta.

Sauran garuruwa kowa ya ɗauki nasa matakin. Dubrovnik ta tsara jadawali don kada jirage su wuce biyu a rana, Palma ta tsibirin Mayoka ta yi yarjejeniya da kamfanoni a kan uku a rana daga 2022, Basalona ta rufe tashar da ta fi kusa da tsakiyar gari a Oktoba 2023. Daga 1 ga Mayu 2025 aka wajabta wa duk jirgin da ke tafiya a Bahar Rum ƙona mai wanda sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 0.1 cikin 100 ba, ko ya sa na'urar tace hayaƙi. A shekarar ce kuma Girka ta fara karɓar harajin Yuro 20 a kan kowane fasinjan jirgin shaƙatawa da ya sauka a Santorini ko Mikonos a tsakiyar lokacin zafi.