Pankireyas: in ya lalace, yana komawa aiki?

A bayan tumbi, kusa da ƙashin baya, akwai wani nama mai tsawon kimanin santimita 15 da likitoci ke kira «pancréas» da Faransanci. Mutane da yawa na rikita shi da saifa, alhali ba abu ɗaya ba ne. Aikinsa biyu. Yana zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji, fiye da lita guda a yini, musamman don narkar da maiƙo da nama. Sannan a cikinsa akwai wasu ƴan tarin ƙwayoyin halitta, waɗanda Bajamushe Paul Langerhans ya gano a 1869, masu yin insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini. Ko kashi 2 cikin ɗari na naman ba su kai ba, amma in suka mutu ciwon sukari ya kama.

Ko pankireyas zai warke ya danganta da abin da ya same shi.

Kumburi na farat ɗaya shi ne mafi tayar da hankali: ciwo mai tsanani a saman ciki yana ratsawa zuwa baya, ga amai, mutum ya kasa miƙewa sai ya duƙa. Tsakuwar matsarmama da giya ne kan gaba wajen jawo shi, kuma tsutsar ciki ma kan shiga bututun ta toshe shi. Wajen kashi 80 cikin ɗari na masu wannan ciwo suna warkewa cikin mako guda ko biyu, da ƙarin ruwa, da maganin ciwo, da komawa cin abinci da wuri, naman kuma ya koma aikinsa. Sauran kuwa wani ɓangare kan ruɓe, ƙoda da huhu su shiga matsala, abin ya kai ga rasa rai. Shi ya sa irin wannan ciwon ciki bai kamata a tsaya masa da jiƙo ko kanwa a gida ba. Daga CSI a wuce asibitin gundumar Dakoro, in likita ya ce Maradi, a tafi ba jinkiri, tunda tsakani ya haura kilomita 100. In tsakuwa ce sanadi, cire matsarmamar ne ke hana ciwon dawowa.

Kumburi na dindindin labarinsa daban ne. Shekara da shekaru naman yana zama tabo, duwatsu na taruwa a bututun. Tabo ba ya komawa nama. Hanta tana sake tofowa in an yanke wani sashe, pankireyas ba ya haka. Abin da ke sa a makara shi ne naman yana da juriya: sai kusan kashi 90 cikin ɗari na aikinsa ya tafi kafin a ga bayan gida mai maiƙo da wari, mai yawo a saman ruwa, mutum yana ci yana ramewa. Abin da magani ke iya yi a nan shi ne tsare ragowar da kuma maye gurbin aikin da ya ɓace. Barin giya da taba dole ne, ita taba ma mutane sun fi raina illarta. Ana haɗiye ƙwayoyin narkar da abinci, irin su Creon, tare da kowane cin abinci har ƙarshen rayuwa. Daga pankireyas ɗin alade ake yin su, kuma malamai da dama sun halasta su bisa larura tunda babu madadi mai ƙarfinsu. Tsadarsu da wuyar samu a kantin magani na ƙaramin gari sun fi wannan tambaya zama matsala.

Batun da ya fi shafar Dakoro shi ne tamowa. A yunwar 2005 ƙungiyar Médecins Sans Frontières ta buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a garin. An daɗe da sanin cewa tamowa mai tsanani na sa pankireyas ɗin yaro ya motse, ruwan narkarwa ya ragu, gudawa ta ƙaru. Labari mai daɗi shi ne da yaro ya samu abincin jinya, aikin narkarwa yakan dawo cikin makonni. Sai dai yunwar ƙuruciya na iya barin gurbi a ƙwayoyin insulin. A Afirilun 2025, a birnin Bankok, Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da sunan «nau'i na 5» ga ciwon sukarin da ke kama matasa sirara waɗanda suka taso cikin ƙarancin abinci. Yaran 2005 yanzu samari ne da ƴanmata. Duk wanda ke yawan fitsari da ƙishirwa da rama a cikinsu ya cancanci awon sukari, don maganar cewa ciwon na masu ƙiba da attajirai ne ba ta da tushe.

A ciwon sukari nau'i na 2 akwai fata na gaske. Binciken DiRECT da aka wallafa a Birtaniya a 2017 ya nuna kashi 46 cikin ɗari na masu ƙiba da suka bi tsarin rage nauyi sukarinsu ya daidaita ba magani bayan shekara guda. Likitocin Paris kuma sun bayyana wani nau'i a tsakanin ƴan Afirka, wanda ke farawa da tsanani har a sa insulin, bayan watanni ƙwayoyin su farfaɗo a daina allurar. Likita ne kaɗai ke yanke wannan hukunci bayan awo, kuma ciwon kan dawo. A nau'i na 1 kuwa ƙwayoyin sun mutu, kuma barin insulin don zogale ko sassaƙen maɗaci na iya kashe yaro cikin ƴan kwanaki.

Dashen pankireyas, wanda aka fara a Minesota ta Amurka a 1966, da dashen ƙwayoyin insulin da ya bunƙasa a Edmonton ta Kanada a 2000, aiki ne na manyan cibiyoyin ƙasashen waje, kuma mai shi zai sha maganin danne garkuwar jiki har abada.

Ga mutumin Dakoro ko Bermo, adana insulin ya fi wannan kusa. Insulin na yanzu a masana'anta ake haɗa shi da ƙwayoyin halitta, ba daga dabba ba. Wani bincike na Jami'ar Janeba da Médecins Sans Frontières, da ya fito a 2021, ya nuna kwalbar da aka buɗe na riƙe ƙarfinta makonni huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Bazarar jihar Maradi tana wuce 40, don haka wanda ba shi da firiji sai ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya ajiye kwalbar a ciki a inuwa, ba tare da ta taɓa ruwa ba.