Rikicin Kek Ɗin Biki: Yadda Amurka Ta Yi Shekaru Tana Shari'a Kan Wa Ɗan Kasuwa Zai Iya Ƙin Yi Wa Aiki

A watan Yulin 2012 wasu maza biyu, Charlie Craig da David Mullins, suka shiga wani shagon kek mai suna Masterpiece Cakeshop a garin Lakewood na jihar Kolorado. Sun je ne a yi musu kek na bikin aurensu. Mai shagon, Jack Phillips, Kirista ne mai riƙo da addini. Ya ce musu zai sayar musu da biskit ko kek na murnar ranar haihuwa, amma ba zai yi kek na auren jinsi ba, domin ya saɓa wa imaninsa. Wannan 'yar gajeruwar magana ta ci shekara shida a kotu, har ta kai Kotun Ƙolin Amurka. Kafin a gane abin da ya sa, sai an koma baya fiye da shekara hamsin.

A jihohin kudancin Amurka, har farkon shekarun 1960, mai gidan abinci yana da damar korar baƙar fata daga kujera. A ranar 1 ga Fabrairun 1960 ɗalibai huɗu baƙaƙen fata suka zauna a teburin abinci na kantin Woolworth a garin Greensboro, aka ƙi ba su abinci, su kuma suka ƙi tashi. Irin wannan zaman dirshan ya bazu zuwa garuruwa da dama. A ranar 2 ga Yulin 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar 'yancin jama'a, wadda ta hana otel da gidan abinci da gidan kallo su kori mutum saboda launin fatarsa, ko addininsa, ko ƙasar da ya fito.

Ba kowa ne ya miƙa wuya ba. Wani mai gidajen gasa nama a jihar Karolina ta Kudu, Maurice Bessinger, ya ce addininsa ya hana cuɗanyar baƙi da farare, don haka dokar ta tauye masa 'yancin addini. A 1968 Kotun Ƙoli ta ce wannan hujja ba ta da tushe ko kaɗan. Tun daga nan ƙa'ida ta zauna: wanda ya buɗe shago ga jama'a, to ya buɗe wa kowa da kowa.

Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa tarihin, kuma shi ma daga tsiraru ya faro. A jihar Oregon an kori wasu mutum biyu daga aiki saboda sun sha wani tsiro mai bugarwa da ake kira peyote a wajen ibadar cocin 'yan asalin ƙasar, aka kuma hana su kuɗin tallafin marasa aiki. A 1990 Kotun Ƙoli ta yanke cewa idan doka ta shafi kowa, ba a kuma yi ta don cin zarafin wani addini ba, to mutum ba zai fake da addini ya kauce mata ba. Hukuncin ya tayar da hankalin mabiya addinai iri-iri. A 1993 majalisa ta yi dokar dawo da 'yancin addini, sanatoci 97 suka amince, 3 suka ƙi. Sai dai a 1997 kotu ta ce dokar ba ta hau kan jihohi ba. Shi ya sa daga baya Phillips bai samu mafaka a cikinta ba, tunda dokar jiha ce ta kama shi.

Ana cikin haka batun auren jinsi ya taso. Jihar Masachusets ce ta fara ɗaura shi a 2004. Kolorado kuwa a 2008 ta faɗaɗa dokarta ta hana wariya a shaguna, ta haɗa har da masu neman jinsinsu. Abin mamakin shi ne, a lokacin da Craig da Mullins suka je shagon, Kolorado ɗin kanta ba ta amince da irin aurensu ba. A Masachusets za su ɗauro shi, su dawo gida su yi walima. Sai ranar 26 ga Yunin 2015 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 kan 4, ta halatta auren a duk faɗin ƙasar.

Hukumar kare haƙƙin jama'a ta Kolorado ta samu Phillips da laifi. Ta umarce shi ya daina bambantawa, ya horar da ma'aikatansa, ya riƙa kawo rahoto duk wata uku har shekara biyu. Shi kuma ya gwammace ya daina yin kek na biki baki ɗaya, ya ce hakan ya cinye kashi 40 cikin ɗari na cinikinsa. Hujjarsa ita ce kek na biki aikin fasaha ne mai ɗauke da saƙo, tilasta masa yin sa kamar sa masa magana ne a baki. Mutanen biyu kuma suka ce ba a ko kai ga zancen rubutu ko ado ba aka ce musu a'a, don haka su aka ƙi, kamar yadda Bessinger ya ƙi baƙar fata.

A ranar 4 ga Yunin 2018 Kotun Ƙoli ta ba Phillips gaskiya da rinjayen 7 kan 2, amma ba ta taɓa ainihin tambayar ba. Abin da ta riƙe shi ne hukumar ta nuna ƙiyayya ga addininsa: ɗaya daga cikin mambobinta ta ce da 'yancin addini aka kare cinikin bayi da kisan kiyashin Yahudawa. Kotun ta kuma lura cewa wasu shaguna uku sun ƙi yi wa wani mutum kek mai ɗauke da rubutun sukar auren jinsi, hukumomin jihar ba su ga laifinsu ba. Mai shari'a Anthony Kennedy, wanda shi ne ya rubuta hukuncin 2015, shi ne ya rubuta wannan ma.

Saboda an bar maganar a rataye, sauran 'yan kasuwa ba su tsira ba. Barronelle Stutzman, mai sayar da furanni a jihar Washington, ta sha kaye a kotunan jiharta kan irin wannan batu. A 2021 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙararta, ta biya dala 5,000 aka sasanta, ta yi ritaya.

Sai a ranar 30 ga Yunin 2023 aka fuskanci tambayar gaba da gaba. Lorie Smith, mai tsara shafukan intanet a Kolorado, ta nemi kotu ta tabbatar mata cewa ba za a tilasta mata tsara shafin auren jinsi ba. Ta yi nasara da 6 kan 3, kuma a kan 'yancin faɗar albarkacin baki aka dogara, maimakon 'yancin addini. Mai shari'a Neil Gorsuch ya ce idan aka bi ra'ayin jihar, gwamnati za ta iya tilasta wa Musulmi mai shirya fim ya yi fim ɗin yaɗa aƙidar sahyoniyanci. Mai shari'a Sonia Sotomayor ta ƙi yarda, ta ce wannan ne karo na farko a tarihin kotun da aka ba shagon da ke buɗe ga jama'a damar ƙin yi wa wani rukunin mutane aiki.

Inda aka tsaya a yau ke nan. Kayan da ke kan kanta, a jihohin da ke da irin dokar Kolorado, dole a sayar wa kowa. Aikin da ya zama magana ko saƙo, ba a tilasta wa mai shi. Amma ina iyakar saƙo? Mai ɗaukar hoto fa, ko tela, ko mai haya da ɗakin taro? Kotuna na ci gaba da fama da wannan.

A Najeriya irin wannan ƙara ba za ta taso ba, domin dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta haramta auren jinsi, da ɗaurin shekara 14. Amma tambayar da ke ƙasan rikicin ba baƙuwa ba ce ga duk wanda yake kasuwanci ko neman gidan haya a garin da ba nasu ba. A watan da aka halatta auren jinsi, Yunin 2015, kotun nan ta ba wata Musulma, Samantha Elauf, gaskiya a kan kamfanin tufafi na Abercrombie & Fitch, wanda ya hana ta aiki saboda ɗankwalinta, kuma da dokar 1964 ta ci nasara. Duk ƙofar da aka buɗe wa mai shago ya ce "imanina ya hana ni", wani zai iya bi ta nan ya kori mai hijabi. Duk ƙarfin da aka ba gwamnati na tilasta wa mai sana'a, wata rana zai iya sauka a kan mai sana'a Musulmi. Wannan tsaka mai wuyar ce ta sa Amurka ta kwashe shekara sittin tana jan layi tana gogewa.