Diyyar da Iyalan Norbert Zongo Suka Jira Shekara 16

Ranar 13 ga Disamba 1998 aka tsinci wata mota a ƙone kusa da garin Sapouy, kudu da Wagadugu. Mutum huɗu ne a ciki: ɗan jarida Norbert Zongo, mai jaridar L'Indépendant, da ƙanensa Ernest, da abokan tafiyarsu biyu. A lokacin yana bin diddigin mutuwar David Ouédraogo, direban François Compaoré, ƙanen shugaba Blaise Compaoré. Mu 'yan Zango mukan ji baƙi suna tambaya ko namu ne saboda sunan. A'a, Zongo ɗinsa sunan dangi ne na Mosawa, amma shari'arsa ta shafi duk wanda aka taɓa zalunta a ƙasar nan.

Gari ya ɗauki zafi, ɗalibai da 'yan ƙwadago suka cika tituna. A watan Mayun 1999 hukumar bincike mai zaman kanta ta ambaci sojoji shida na rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa a matsayin waɗanda ake zargi ƙwarai. Gwamnati sai ta bi wata hanya. Ranar 30 ga Maris 2001 aka tara jama'a a filin wasa na 4 ga Agusta, Blaise ya nemi gafara da sunan ƙasa kan laifuffukan siyasa tun daga 1960, aka kuma kafa asusun biyan diyya ga waɗanda abin ya shafa.

Iyalai da dama sun karɓa, kuma ba mai ganin laifinsu. Marayu sai sun ci, sai an biya kuɗin makaranta. Iyalan Zongo da na Thomas Sankara kuwa suka ƙi shiga wannan yafiya.

Duk wanda ya zauna gaban malaman Zango ya san dalilin, ko da bai taɓa buɗe littafin doka ba. A fiƙihu, magadan wanda aka kashe su ke da zaɓi: ƙisasi, ko diyya, ko afuwa. Amma zaɓin yana zuwa ne bayan an tabbatar da wanda ya zubar da jinin. Wa za ka yafe wa alhali ba a nuna maka shi ba? A ganina nan ne tsarin 2001 ya gurgunce: an miƙa kuɗi, an riƙe sunaye.

Dokar ƙasar kanta, wadda aka gada daga Faransa, ta ba wanda aka cuta damar shiga shari'ar laifi a matsayin mai neman haƙƙinsa, lauyansa ya ga takardun bincike, ya nemi diyya a gaban alƙalin. Iyalan sun bi wannan ƙofa. Mutum ɗaya tak aka tuhuma, Marcel Kafando, kuma a Yulin 2006 alƙalin bincike ya rufe maganar, wai babu isasshiyar hujja.

Daga nan suka nufi Arusha ta Tanzaniya, tare da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta MBDHP. Ranar 28 ga Maris 2014 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke cewa Burkina Faso ta yi sakaci wajen nemo makasan, ta tauye wa iyalan haƙƙinsu na a saurari ƙararsu. A Yunin 2015, bayan juyin da ya kori Blaise, kotun ta ƙayyade diyya: sefa miliyan 25 ga kowace mata, miliyan 15 ga kowane ɗa, miliyan 10 ga kowane mahaifi ko mahaifiya. MBDHP aka ba ta sefa 1 kacal, don alama. Abin da ya fi kuɗin nauyi shi ne umarnin a sake buɗe bincike. Wannan diyyar iyalan sun karɓa, domin hukunci ne ya haife ta.

An sake buɗe binciken. A Oktoban 2017 aka tsare François Compaoré a filin jirgin saman Paris, amma a 2023 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta hana Faransa miƙa shi. Kowace 13 ga Disamba 'yan jarida na zuwa maƙabartar Gounghin su ajiye furanni a kan kaburbura huɗu.