Kurmin Kemant da Mai Tsaronsa

Hanyar da ta tashi daga birnin Gondar ta nufi yamma, ta bi ta Aykel har ta dangana da Matamma a bakin iyakar Sudan, tana ratsa tuddai waɗanda garmar shanu ta cinye daga gindi har ƙoli, ta yadda idan matafiyi ya hangi wani cincirindon tsofaffin itatuwa a tsakiyar wannan fili, galibi ɗayan biyu ne: ko harabar coci, ko kuwa ragowar kurmin ibada na mutanen Kemant. Su Kemant reshe ne na al'ummar Agaw, mazauna Cilga da Karkar da kewayensu, waɗanda ƙidayar 1994 ta samu sun haura 170,000, alhali masu jin harshensu na asali ba su kai 2,000 ba, sauran duk Amharanci suke yi. Masana muhalli na zamani sun yawaita yabon waɗannan kurame, suna kafa su hujja a kan cewa al'adun gargajiya taska ce ta kiyaye daji. Ni dai ina ganin yabon ya sauka a inda bai kamata ba, domin abin da ya tsare itatuwan nan hukunci ne mai alƙali a bayansa, kuma wanda ya ɗauke shi tsabar ƙaunar itace ce ya jahilci dalilin da ya sa suke tsaye, balle ya gane abin da ke kayar da su.

Bature Frederick Gamst, wanda ya zauna a cikinsu ya kuma wallafa littafi a kansu a 1969, ya bayyana addininsu da cewa gauraye ne na aƙidun Agaw na dauri da wasu hukunce-hukunce masu kama da na Attaura: suna girmama Asabar har ba sa hura wuta a cikinta, suna da ƙa'idojin halal da haram a nama, suna kuma kiran Ubangijin sama da sunan Mezgana. Ba su gina ɗakin ibada ba. A waje suke taruwa, a cikin kurmin da suke kira degegna, inda ake yanka sa ko tunkiya, ake kuma naɗa wa wani babban itace ƙyallaye masu launi iri-iri. To, wurin da ake taruwa domin addu'a da yanka dole ya zama yana da inuwa da iyaka da hurumi, saboda haka aka haramta wa gatari shigarsa. Kuma da yake shugaban addinin, wato wambar, shi ne mai yanke shari'a a tsakaninsu, yana da wakilai da manyan limamai da ake ce wa kamazana da ƙananansu abayegariya, wanda ya keta hurumin ya san gaban wanda zai durƙusa, ya kuma san jama'ar da za ta juya masa baya a ranar biki da ranar makoki.

Babbar shaidata a kan wannan da'awa ita ce sana'ar Kemant ɗin kansu. James Bruce, wanda ya sauka Gondar a 1770, ya ambace su a matsayin masu kawo wa birnin itacen wuta da ruwa, kuma birnin da Sarki Fasiladas ya mayar fadarsa a 1636 ba ƙaramin itace yake ci ba. Ashe hannun da ke sarar daji ya ɗaura dami ya kai kasuwa shi ne yake sunkuyar da gatari idan ya iso bakin degegna. Maƙwabtansu sun daɗe suna yi musu gorin cewa masu bautar itace ne, kuma masu yabonsu na yau, ba tare da sun lura ba, gorin nan suka juya suka mai da shi kirari; duka ɓangarorin biyu sun manta cewa manomi ne mai buƙatar gona da makamashi kamar kowa, wanda shari'arsa ta ware masa wani yanki ta ce nan ban da nan. Malamanmu na fiƙihu ba za su ga baƙon abu a wannan ba, domin shi ne ma'anar hima, irin wadda aka keɓe a Naƙi'u kusa da Madina: ƙasa ce da shugaba ya killace domin maslaha, kuma ƙarfinta gwargwadon ƙarfin mai killacewar ne.

Daga nan ne ake gane yadda abin ya sukurkuce. Tun zamanin Sarki Yohannes na Huɗu, wanda ya yi mulki daga 1872 zuwa 1889 ya kuma matsa wa talakawansa su shiga cocin Orthodox, Kemant suke ta barin addinin kakanninsu, har ya zama mafi yawansu a yau Kiristoci ne. Wambar biyu ake da su a da, na Karkar da na Cilga, sai kujerar Karkar ta mutu a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Sannan dokar gwamnatin Darg ta 1975 ta mayar da ƙasar noma duka mallakar hukuma, rabon gona ya koma hannun ƙungiyoyin manoma, jama'a kuma ta yi ta ƙaruwa. Kurmin da limaminsa ya rasu babu magaji, wa zai hana a riƙa cinye shi da gona daga gefe, taki ɗaya bana, taki biyu baɗi? Itacen turare kuwa, wanda aka shigo da shi a zamanin Menelik na Biyu, ya wadata mutane da azara da makamashi, amma ba ya maye gurbin zaitun daji da ɓaure da alilliba, waɗanda sai sun shekara aru-aru kafin su zama abin da suke.

Mai jayayya zai ce kuramen ƙanana ne, ba za su tsare ƙasa daga zaizaya ba, kuma ba a tilasta wa mutum komawa aƙidar da ya bari domin a ceci itace. Duka biyun gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi na biyun. Sai dai dazuzzukan coci na lardin Gondar sun nuna cewa hurumi yana iya sauya addini ya rayu, matuƙar akwai wanda aka ɗora wa amanarsa. Shi ya sa da Dakta Alemayehu Wassie da abokan aikinsa suka tashi ceton su, katangar dutse suka taimaka wa limamai da manoma suka kewaye su da ita, don a hana dabbobi cinye tsiron da zai gaji manyan itatuwa. Gangamin dashe irin wanda gwamnatin Abiy Ahmed ta ƙaddamar a 2019 yana ƙidaya tsiro ne a ranar shuka, alhali abin da degegna ke buƙata ya fi wannan araha kuma ya fi shi wuya: a auna iyakarsa, a rubuta shi da sunan jama'ar ƙauyen, a naɗa dattawan da za a kai wa ƙara, ko da kuwa dattawan nan ranar Lahadi a coci suke wuni.