Hadarin da ya kayar da jirgin Landan a Kano, 1956

Manomin Funtua ko Malumfashi ya san hadarin gabas: gari ya yi tsit, sai iska mai sanyi ta taso gabanin ruwa, ta kwantar da masara. Wannan iskar ce ta kayar da jirgi a Kano ranar 24 ga Yuni, 1956.

Jirgin na kamfanin BOAC ne, samfurin Argonaut, ya taso daga Legas zai je Landan. Irin wannan jirgi ba ya iya zuwa Landan daga Legas a tashi ɗaya, dole su sauka Kano su sha mai, sannan Tarabulus. Ya tashi da yamma, hadari na kusa. Da farko iska ta gaba take buso masa, wadda ke taimaka wa fukafuki ɗaukar nauyi. Cikin daƙiƙu ta juya ta koma ta baya. Jirgin ya rasa tashi, ya bugi bishiya, mutum 32 cikin 45 suka rasu. Sai bayan shekara ashirin masanin yanayi Ted Fujita ya fayyace abin: iska ce ke faɗowa daga cikin gajimare, ta bugi ƙasa ta watsu ko'ina, kamar ka tuntsurar da bokitin ruwa a tsakar gida.

Yau abin ya sha bamban. Kafin jirgi ya motsa, kamfaninsa ya riga ya miƙa takardar hanya, wadda kwamfuta ta lissafa bisa hasashen iskar sama. A lokacin sanyi akwai wata iska mai gudu daga yamma a saman arewacin Sahara, shi ya sa tafiya gabas kan fi dawowa sauri. Gajeriyar hanya a taswira ba lallai ce mai sauƙin mai ba. Sannan jami'an hukumar NAMA su ba da izini. Sararin samaniyar Najeriya baki ɗaya, har da na gonakin Funtua, da sunan Kano aka san shi a duniya. Mai zuwa gabas a ba shi tsayi mara, kamar ƙafa 35,000, mai zuwa yamma cika, kamar 36,000. Idan matuƙi ya ga hadari a radarsa, ya nemi ratsewa, jami'i ya duba ko akwai wani jirgin a can kafin ya yarda. Daga nan a miƙa shi ga Yamai ko Njamena.

Amma fa ba iska kaɗai ke karkatar da jirgi ba. A 2023 yaƙi ya rufe sararin Sudan tun Afrilu, jiragen alhazai suka bi zagaye. A Agusta Nijar ma ta rufe nata bayan juyin mulki, jiragen Turai suka yi kusan wata guda suna kewaye ta yamma, mai da lokaci suka ƙaru. A ganina wannan ya fi hadari wuyar sha'ani ga mai tsara hanya, don hadari dai akwai hasashensa.